Filin Koyon Turanci: "Worry", Kalmar Da Ta Faro Daga Maƙogwaro

A wannan fili namu na wata-wata mukan ɗauki kalma guda ta Turanci mu juya ta gaba da baya har mu ga abin da ke cikinta. Kalmarmu ta wannan wata ita ce "worry". Mun san wani zai ce wannan ai ba ta kai a ba ta fili ba, tun da daga Nima zuwa Sabon Zango, daga Zangon Kumasi har Tamale, babu wanda bai san ta ba, kai har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya cewa "don't worry". To, wannan sanin da muke gani mun yi mata shi ne ya sa muka ɗauko ta, domin kuwa abin da muke nufi da ita a nan gida da abin da Baturen Ingila yake ji idan an faɗa masa ita ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma akwai wuraren da wannan saɓani yakan jawo wa mutum asara.

Bari mu fara da furuci, mu wuce da sauri. Ko da yake da harafin "o" ake rubuta ta, mutanen Ingila da wani wasali mai kama da gajeren "a" suke faɗar ta, ta yi amo ɗaya da "hurry", kamar dai yadda suke yi wa "money" da "come" da "son". Kunnen Bahaushe zai ji kamar an ce "wari", sai dai a gajarce wasalin, kada a ja shi a koma ga warin ruɓaɓɓen kifi. Mu nan yawanci "wori" muke cewa, kuma ana gane mu, saboda haka ba abin tayar da hankali ba ne. Abin kula shi ne kada a haɗa ta da "weary", wato gajiya, ko "wary", wato taka-tsantsan. Haka nan "worrier" shi ne mutum mai yawan damuwa, shi kuwa "warrior" mayaƙi ne. Harafi biyu ne tsakaninsu a rubuce, amma wanda aka kira da na farko ba zai yi godiya ba.

Tarihin kalmar shi ne mabuɗin dukkan abin da za mu faɗa. Kimanin shekara dubu da suka wuce, a tsohon Turanci, ana ce mata "wyrgan", ma'anarta kuwa shaƙewa, wato a kama wuyan mutum ko dabba a matse har numfashi ya ɗauke. 'Yar'uwarta tana nan har yau a Jamusanci, "würgen", da wannan ma'ana ta shaƙewa. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta koma kan yadda kare ko kyarkeci yake cafke maƙogwaron tunkiya da haƙori ya yi ta girgiza ta har ta daina motsi. Da wannan ma'ana Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya yi amfani da ita a wasansa na Sarki Richard na Uku. Kada mai karatu ya ɗauka wannan ma'ana ta mutu. A 1953 majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka don kare dabbobin kiwo daga karnuka, kuma sunan laifin a cikin dokar shi ne "worrying livestock", wanda ya haɗa da kare ya far wa tumaki ko ya kore su kora mai cutarwa. Wanda ya karanta wannan da Turancinmu na nan sai ya zaci an hana kare sa tumaki yawan tunani.

Daga kan karnuka sai Turawa suka ari kalmar suka ɗora wa mutane: wanda ya matsa wa wani lamba, ya hana shi sakat, ya yi ta bin sa da fitina, sai a ce yana "worrying" ɗinsa. Sai a ƙarni na 19 ne ma'anar da ta fi shahara yanzu ta kafu, wato damuwar zuciya, zullumin abin da bai riga ya faru ba. Ke nan kalmar ta yi hawa huɗu: shaƙewa, yagar haƙori, fitinar mutum, sannan zullumi. A Ingila da Amurka hawa na huɗu ya danne sauran, har yaro ɗan makaranta a can in ka ce masa "worry" babu abin da zai zo masa sai damuwar zuciya.

Mu kuma ta wata hanya muka bi. Bahaushe da ƙwarya da ludayi ya auna wannan hali. Mai koko da asuba tana dama gasara, mai fura tana dama fura da nono, abin da yake kwance ya tashi ya gauraye. Haka hankalin mutum: yana kwance, sai wani abu ya dame shi, ya damu, hankali ya tashi. Kalmarmu kuma mai faɗi ce ƙwarai. Mukan ce ciwon kai ya dame ni, mu ce yaron nan ya dame ni, mu ce kuɗin haya sun dame ni, duk da fi'ili ɗaya, ba tare da mun raba ciwon jiki da fitinar mutum da tunanin zuciya ba. Maƙwabtanmu Asante ma suna da "ɔhaw", wadda take ɗaukar wahala da damuwa a haɗe. To, da Turanci ya zo bakinmu sai muka ɗauki "worry" muka ɗora mata dukkan wannan kaya. Shi ya sa za ka ji "my stomach is worrying me", ka ji "these children are worrying me", ka ji "stop worrying me", har ka ji direba yana cewa birki yana "worrying" ɗinsa.

A ganinmu wannan ba ɓataccen Turanci ba ne, kuma ba ma goyon bayan masu yi wa mutane dariya a kansa. Ma'anar fitina da takurawa tsohuwa ce a Turanci, tana cikin manyan ƙamusu, mu dai mun riƙe ta da ƙarfi ne a lokacin da masu harshen suka sassauta mata. A kasuwa, a tasha, a cikin gida, kowa ya faɗi abinsa, an fahimce shi. Amma akwai wurare uku da muke roƙon jama'a su sa lura.

Na farko shi ne asibiti, kuma a nan za mu daɗe. Idan dattijo ya je asibiti a nan gida, nas ta tambaye shi "what is worrying you?", abin da take nufi shi ne ina ke maka ciwo, shi kuma ya amsa da "my chest is worrying me", an gama, sun fahimci juna. To amma yau zangonmu ya wuce iyakar ƙasa. 'Ya'yanmu da jikokinmu suna Landan, suna unguwar Bronx a birnin New York, suna Kanada, kuma iyaye sukan je ziyara, wasu ma don ganin likita ake ɗaukar su. A can, idan likita ya ce "what is worrying you?", tambayar takan karkata ne ga abin da ke cikin ranka, me kake tsoro, me ke hana ka barci. Idan kuma ka ce masa "my chest is worrying me", jimlar daidai take a Turancinsa, sai dai abin da ya ji shi ne: ina cikin zullumi game da ƙirjina. Bai ji ka ce akwai ciwo ba. Likita mai natsuwa zai ƙara tambaya har ya gano, amma a wurin da ake tantance marasa lafiya cikin gaggawa, ko a waya idan an kira motar asibiti, mai ciwon ƙirji da mai fargabar ƙirjinsa ba layi ɗaya ake sa su ba. Ciwon ƙirji yana iya zama alamar ciwon zuciya, wanda ake ƙidaya lokacinsa da mintoci.

Saboda haka a irin wannan wuri a ajiye "worry" gefe, a kira ciwo da sunansa. A ce "I have pain in my chest", ko "my chest hurts", a nuna wurin da hannu, a faɗi tun yaushe ya fara, a faɗi ko yana tafiya zuwa hannu ko wuya, ko numfashi yana sarƙewa. Haka nan abin da muke kira "waist pains": a wurin Bature "waist" ƙugu ne inda ɗamara take zama, ciwon da muke nufi kuwa "lower back pain" yake ce masa. Yaran da ke raka iyayensu su yi musu tafinta su ma su kula, kada tsoho ya ce "ƙirjina ya dame ni" su juya shi kalma da kalma.

Na biyu shi ne ƙara da rubutaccen bayani. A Turancinmu, idan yarinya ta ce "that man is worrying me", duk mun san abin da take nufi: yana tare ta a hanya, yana matsa mata, wataƙila ma ya wuce nan. Idan mace ta ce mijinta yana "worrying" ɗinta, maganar tana iya ɗaukar komai, daga hana kuɗin cefane har zuwa duka. Kunya ce take sa a zaɓi kalma mai lulluɓi, mun sani. Amma takarda ba ta da fuska, ba ta da murya, kuma wanda zai karanta ta daga baya, lauya ne ko alƙali ko jami'in wata ƙasa, abin da aka rubuta kawai zai gani. Dokar hana cin zarafi a cikin gida da Gana ta kafa a 2007, mai lamba 732, ta ambaci abubuwa da sunayensu, kamar cutar da jiki da barazana da tsangwama. Kalmomin da suke da nauyi a nan su ne "harass" ga tsangwama, "threaten" ga barazana, "beat" ko "assault" ga duka. Duk wanda aka roƙa ya rubuta wa wani irin wannan takarda, to ya tambayi mai maganar abin da ya auku daki-daki, rana da wuri, ya rubuta shi yadda yake.

Na uku shi ne jarrabawa. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedkwatarta take nan Ankara, da ma'aunin daidaitaccen Turanci take duba takardun yaranmu, ba da na tasha ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne "I am worry". Babu wannan. Ko dai a ce "I worry", wanda yake nuna hali na kullum, kamar uwa ta ce "I worry about my son", ko a ce "I am worried", wanda yake nuna halin da ake ciki yanzu. Mutum shi ne "worried", abin da ya jawo damuwar kuwa shi ne "worrying": labarin tashin farashi "worrying" ne, magidancin da ya ji shi "worried" ne. Kalmar da ta fi bin ta ita ce "about". Ana cewa "worried that" idan jimla ce za ta biyo baya, ana kuma jin "worried for" idan tsoron lafiyar wani ko ransa ake yi. Wajen rubutu, "y" takan koma "i" a "worried" da "worries", amma tana nan daram a "worrying". Idan suna ce, tana da jam'i: "money worries" su ne damuwoyin kuɗi. In kuwa yaro yana so ya rubuta cewa ƙannensa sun hana shi karatu, to "disturb" ko "bother" ya kamata ya ɗauka.

Sai "don't worry", wadda ta zama ruwan dare. Asalinta lallashi ne, kada ka damu, kwantar da hankalinka. Mutanen Ingila sukan ce "not to worry", mutanen Ostareliya kuma su ne suka yi fice da "no worries", wadda yanzu ta bazu ko'ina har ana amsa godiya da ita, daidai da "ba komai" ko "ba damuwa" a wurinmu. Mu nan mun ƙara mata aiki biyu. Mukan ƙi tayi da ita cikin ladabi, a miƙo maka abinci ka ce "don't worry", wato na gode, na ƙoshi. Mukan kuma yi alkawari da ita, kuma a nan ne ta yi baƙin jini. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura kwana uku Salla, tela ya dube shi ya ce "don't worry", ya san daga wannan lokaci ne ya kamata ya fara damuwa.

Wani abu kuma da ya kamata mu gyara. A wasu littattafai da jaridun Turawa za ka ga an kira carbi "worry beads". Wannan suna na wani abu ne dabam da Girkawa suke kira "komboloi", duwatsu a zare da maza suke juyawa a hannu don rage zaman banza da kwantar da hankali, ba don ibada ba. Sunan carbi da Turanci shi ne "prayer beads", kuma idan aka kira shi da wancan, babu laifi a gyara wa mutum cikin lumana.

Ba za a yi maganar "worry" a bar ƙawarta "anxious" ba. Ita daga Latin ta fito, daga wani fi'ili "angere" mai ma'anar matsewa da shaƙewa. Ka ga abin mamaki: kalmomi biyu daga tushe dabam-dabam, duk sun koma ga maƙogwaro. Daga wannan tushe ne aka sami "anguish", wato tsananin baƙin ciki, da "angina", sunan da likitoci suke ba ciwon ƙirjin da ke zuwa idan jini bai isa tsokar zuciya yadda ya kamata ba. Mu ma muna da irin wannan hoto, tun da mukan ce ƙuncin zuciya, ƙunci kuwa matsi ne, mukan kuma ce abu ya tsaya mini a wuya.

Ita "anxious" fuska biyu gare ta, kuma ƙaramar kalmar da ta biyo ta ce take nuna wace ce. "Anxious about" fargaba ce: "she is anxious about the results", gabanta yana faɗuwa kan sakamakon jarrabawa. "Anxious to" kuwa ƙaguwa ce da ɗoki: "we are anxious to see you", mun ƙagu mu gan ka. Wasiƙun ofis suna son wannan ta biyu. Idan makaranta ko kamfani ya rubuto cewa "we are anxious to hear from you", ba cewa suke hankalinsu ya tashi ba, cewa suke yi ka hanzarta ba da amsa. Wasu malaman nahawu, musamman a Amurka, sun fi son a yi amfani da "eager" a nan, a bar "anxious" ga fargaba kaɗai. Shawararmu ga ɗalibi ita ce ya gane duka biyun idan ya gamu da su, amma idan shi ne mai rubutu, kuma murna yake nufi tsantsa, "eager" ta fi tsabta. Akwai kuma "concerned", wadda ta fi su sanyi da kamun kai. Ita ce ta dace da takardar da za a kai wa shugaban makaranta ko hukuma: "we are concerned about the state of the gutter" ya fi "we are worried" kama da maganar manya.

Daga "anxious" aka sami suna "anxiety", kuma wannan tana da ma'ana ta biyu a bakin likita da ya kamata kowane gida ya sani. A maganar yau da kullum fargaba ce kawai. A asibiti kuwa "anxiety disorder" sunan ciwo ne, wato damuwar da ta wuce kima, mutum ya kasa tsayar da ita, ta hana shi barci da aiki. Ga nau'in da ya fi kama da yawan zullumi, ma'aunin da likitocin Amurka suke bi shi ne a ce abin ya ɗauki aƙalla wata 6 yana zuwa a mafi yawan ranaku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da irin waɗannan cututtuka a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani. Alamominsa sau da yawa a jiki suke fitowa: bugun zuciya da sauri, gumi, rawar jiki, ƙirji ya riƙe, ciki ya murɗa. Shi ya sa mai shi yakan yi ta zarya kantin magani yana sayen na zazzaɓi da na gyambon ciki, abin bai tafi ba.

Mu ba mu cika cewa "anxiety" ba. Yawan tunani muke cewa, a Turancinmu kuma "thinking too much". Wani bincike da aka buga a 1999 kan matan Kpando a jihar Volta ya nuna cewa da aka tambaye su matsalolin lafiyarsu, da yawansu "thinking too much" da "worrying too much" suka ambata, suka kuma danganta su da nauyin aiki da rashin kuɗi. A nan gida ma'aikatan lafiya sun san wannan magana. A waje kuwa "I think too much" tana iya wucewa kamar hira ce kawai. Wanda abin ya kai shi ga rashin barci sai ya faɗa a fili: "I worry all the time and I cannot sleep", ko "I feel anxious every day". Wannan jimla ita ce za ta sa likita ya tsaya. Kuma faɗin haka ba ya nufin mutum ya taɓu, ba kuma dole sai an kai shi Pantang ko Ankaful ba. Tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, manufar ƙasa ita ce a riƙa duba irin wannan a asibitocin kusa da jama'a, kuma ana maganinsa da shawarwari na ƙwararru, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Sai dai tun da matsewar ƙirji tana iya zama ta fargaba, tana kuma iya zama ta zuciya, ba mai shi ne zai yanke hukunci ba, likita ne bayan ya auna.

Mun so mu haɗa da "nervous", wadda ake faɗa wa ɗar-ɗar na gajeren lokaci, kamar na mai shiga ɗakin jarrabawa ko mai zuwa neman biza, amma fili ya ƙare, kuma tana da nata rikicin ga 'yan'uwanmu masu zirga-zirga zuwa Lome da Abijan, domin mai kama da ita a Faransanci takan ɗauki ma'anar mutum mai saurin hasala. Ita za mu ɗauka a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta ofishin wannan jarida kamar yadda aka saba. Mu kwana nan.